Iyakar Rakiya a Gidan Baba Harold

Abin da na fara lura da shi a Ingila ba sanyi ba ne, ko da yake sanyin ma ya gaishe ni yadda ya kamata. Ƙofofi ne. Mutum zai fito daga gidan ɗan'uwansa, kafin ya sauka daga matakala an riga an maida ƙofa an rufe, shi kuma ya kama gabansa ko a jikinsa. Ni da na taso a Yargoje, inda baƙo yana cewa zai tafi maigida zai hau laluben takalmi, ya karɓe mashi kaya, a tako tare har bakin gari, sai na riƙa jin kamar kowa a ƙasar nan ya yi faɗa da kowa ne.

Sunana Haruna. Aikin kula da marasa lafiya na koya, na kuma yi shi a ɗakin shan magani na ƙauye har lokacin da zaman ƙauyen ya gagara saboda 'yan bindiga. Gona tana nan, amma zuwa gonar ya zama sai ka nemi gafarar iyali kafin ka fita. Na kwashe matata Hadiza da ɗiyarmu da Inna na kai su cikin Kankara, ɗaki guda a gidan kawuna. Daga nan wani dillali mai zaƙin baki ya haɗa mani takardun zuwa aikin kula da tsofaffi. Takardar zamana a ƙasar kuwa a ɗaure take da kamfanin da ya ɗauke ni. Ranar da kamfani ya ce ba ya yi da ni, ranar zan fara haɗa jaka, su Hadiza kuma su koma Yargoje, inda barci ya zama rabi da rabi.

Zangona na farko wani babban birni ne a tsakiyar ƙasar. Dillali ya ce mani ina sauka akwai mai tarbata, akwai ɗaki, aiki kuma ranar Litinin. Mai tarba dai har yau ina jiran shi. Lambar da aka ba ni ta yi ta ƙara har ta gaji. Da ƙyar na gano ofishin kamfanin, wani ɗan ɗaki a saman shagon gyaran waya. Wata mata mai taunar cingam ta duba kwamfuta ta ce e, sunana yana ciki, amma aiki babu tukuna, in jira a kira ni. Na jira. Na sauka a wani gida da muke cunkushe, mutanen ƙasashe daban-daban, kowa dillalinsa ya yi mashi irin wadda nawa ya yi mani. Katifa ma karɓa-karɓa ake yi, wani ya tashi wani ya kwanta tun ba ta huce ba.

Kwanakin nan ba na iya tuna su a jere. Rana ba ta fitowa sosai, sai wani fari-fari a sama, ka rasa hantsi ne ko la'asar. Nakan fita in yi ta tafiya a bakin wani rafi da aka gina wa bango, ina kallon agwagi, sai in ga kamar idan na sha kwanar can zan ɓullo cikin kasuwar Kankara ranar cinta, in ji ƙamshin ƙuli-ƙuli da hayaƙin masu tsire. In sha kwanar, in tarar da wani bangon jan bulo. Idan Hadiza ta kira in ce mata komai lafiya, ana ta shirye-shirye. Ita kau ta san muryata. Sai ta ce, "To, Allah ya sa mu ji alheri," ta miƙa wa ɗiyarmu wayar don kada in ji tana jan hanci.

Wata Juma'a, an fito masallaci ina neman takalmina, sai na ji wani a bayana yana waya: "Lahiya lau, wallahi. Mi ya hana ku tahowa?" Na tsaya cak. Wannan ba Hausar rediyo ba ce, Hausar gidanmu ce. Na juya na ga dattijo mai farin gemu, da sanda, ya ɗora babbar riga a kan rigar sanyi. Na durƙusa a kan jiƙaƙƙen siminti na gaishe shi.

"Tashi, tashi, kada ka jiƙa wando. Kai ɗan ina ne?"

"Yargoje, Alhaji."

"Ikon Allah! Ni mutumin Faskari ne. Yo ai kai ɗan gida ne. Ka ci abinci?"

Bai jira amsa ba, ya ja ni muka tafi gidansa. Shi ne Alhaji Isiyaku. Karatu ya kawo shi ƙasar tun kafin a haife ni, ya ƙare da tuƙin bas har gwiwoyinsa suka ce sun gaji. Hajiya, matarsa, ta tuƙa tuwo da miyar kuka wadda ta ji daddawa, na ci kaina a sunkuye don hawaye suna ɗiga a kwano. Alhaji ya yi kamar bai gani ba. Ya yi ta tambayata ko kasuwar Sheme tana cika da shanu kamar da, ko duwatsun Faskari suna nan inda ya bar su.

Shi ya yi ta buge-bugen waya har aka samu wani kamfani a arewacin ƙasar da ya yarda ya karɓi takardata. Ranar tafiya ya ce sai ya kai ni tasha. Na roƙe shi ya zauna saboda ƙafa. Ya ce, "Kai, rufe mani baki. A gidanku haka ake sallamar baƙo?" Ya dogara sanda muka tafi a hankali, yana tsayawa yana hutawa, bai kuma bar tashar ba sai da motar ta ɗaga.

Zangona na biyu ƙaramin gari ne a bakin teku. Gidan wani tsoho aka kai ni, in zauna da shi dare da rana. Malamin Turanci ne da ya yi ritaya, sunansa Harold, ciwon mantuwa ya fara cin shi, matarsa kuma ta rasu. Ɗiyarsa Susan tana aiki a wani gari mai nisa, sai ƙarshen mako take zuwa. Ita ta nuna mani magunguna da abinci, sannan ta faɗa mani magana ɗaya tana kallon cikin idona: kada in bar shi shi kaɗai a gida. Na ce ai wannan ba sai an faɗa ba.

Rigimarmu ta farko da tsohon a kan suna ce. Ya ce in kira shi Harold kawai. Na ce bakina ba zai iya ba, mutum da furfura har a gira. Na ce Baba Harold. Ya tambayi ma'anar Baba, na faɗa mashi, ya ce ba laifi, an daɗe ba a yi mashi ƙarin girma ba.

Ciwon nan abin mamaki ne. Baba zai manta ya ci abinci, ya manta sunan titinsu, wani lokaci ya tambaye ni ko matarsa ta dawo daga kanti. Amma Turanci bai zube mashi ba ko kaɗan. Da hantsi nakan zaunar da shi gaban tagar da ke kallon teku, in lulluɓe mashi ƙafa da bargo, shi kuma ya maida ni ɗalibi. Hazo yakan taso daga ruwa ya shafe jiragen kamun kifi ɗaya bayan ɗaya, muryarsa tana tafiya a hankali, ni kuma rabin hankalina yana gida, ina ganin iska tana kaɗa dawa a gonarmu ta bayan gari lokacin da ta fara fidda kai. Har muryar Inna nakan ji tana kiran kaji. Sai in ji ya ƙwanƙwasa hannun kujera: "Haruna, dawo aji."

Abin da ya fi so shi ne ƙananan kalmomin nan da Turawa ke liƙa wa wata kalma a gindi su juya mata ma'ana. Ya ce wanda ya iya su ya iya Turanci, wanda bai iya ba kuwa zai ƙare rayuwarsa yana magana kamar takardar gwamnati. Darasin da ya fi kowanne tsawo ni na jawo shi, da rakiyata.

Don ni ban daina ba. Duk wanda ya shigo gidan, in zai fita sai na sa takalmi. Mai gyaran famfo na riƙe mashi akwatin kayan aiki har motarsa, ya yi ta kallona kamar zan gudu da shi. Nas ɗin da ke zuwa duba Baba na bi ta har bakin titi, ta riƙa waiwaye tana ƙara sauri, a ƙarshe ta tsaya ta ce, "Na manta wani abu ne?" Na ce a'a. Ta ce, "To me ya faru?" Na ce ba komai, rakiya ce. Motocinsu a ƙofar gida suke tsayawa, ina hango Baba ta taga, don haka ban ɗauka na bar shi ba.

Ranar da na raka nas Baba ya yi dariya har da tari. Da na dawo ya ce in zauna.

"Ka san kalmar gani, 'see'. To idan aka ce 'see out', ka kai mutum bakin ƙofa ke nan, ka buɗe mashi, ka ce sai an jima, ka rufe. Nan ta tsaya. Idan aka ce 'see off', wannan ta matafiyi ce. Ka bi shi tashar jirgi ko ta mota, ka tsaya har ya ɗaga. Ba kullum ake yin ta ba. Sai ɗanka zai tafi yaƙi, ko ɗiyarka za ta ƙetare teku."

"Mai gyaran famfo fa, Baba?"

"Mai gyaran famfo ƙofa ce rabonsa." Ya ɗaga yatsa. "Akwai kuma wata 'see off' ɗin. Idan ɓarawo ya shigo, kare ya bi shi da haushi har ya fidda shi daga layi, ita ma haka muke cewa. Kai kana yi wa mutane ta tasha, su kuma suna jin kamar ta kare ce."

Na ce, "Baba, ku dai rowar ƙafa gare ku, shi ya sa kuka tsaya raba abin gida-gida." Na ba shi labarin tamu. Na ce a wajenmu nisan rakiya shi ne girman baƙo. Yaro a bar shi a zaure, aboki a kai shi bakin hanya, suruki ko malami kuwa sai ka ga ya hau mota, ka tsaya har ta ɓace. Na ce mahaifina, Allah ya jiƙansa, yakan raka abokinsa na garin Ketare har su wuce gonakin gari, shi kuma abokin ya ce ai ba zai bar shi ya koma shi kaɗai ba, ya sake rako shi, Inna tana gida tuwo yana hucewa. Baba ya lumshe ido ya ce in sake ba shi wannan. Na sake. Washegari ya manta, na sake ba shi, ya yi dariya sabuwa fil.

Ranar da abin ya faru rana ce mai kyau, irin wadda ba a cika samu ba. Wata tsohuwa ta zo gaishe shi, Misis Doreen, tare suka koyar a makaranta ɗaya. Da bas ta zo, tana dogara sanda, da jaka mai nauyi. Suka sha shayi, ya gane ta sarai, har suka yi gulmar wani shugaban makaranta da ya daɗe a kabari. Kafin ta tashi barci ya ɗauke shi a kujera. Na dube ta: sa'ar Innata, ƙafa ba ƙwari, tashar bas tana gangare bayan kwana. Wallahi ban yi shawara da kaina ba, ƙafata ce kawai ta shiga takalmi. Na ɗauki jakar, na ja ƙofa, muka gangara tana ba ni labarin jikokinta. Bas ta yi jinkiri. Ta ce in koma, na ce haba, ina zan bar ta tsaye a titi? Na tsaya har ta hau, ta zauna, ta ɗaga mani hannu.

Na dawo na tarar da ƙofa a buɗe, bargo a ƙasa, kujera ba kowa.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Ban san na iya gudu haka ba. Na yi ta ƙwala "Baba! Baba!" a titin da ba wanda ya san wa ake nufi. A hanyar da ke bin bakin teku na hango mutane sun taru. Yana kwance a gindin wata matakala, silifas ƙafa ɗaya, fuskarsa fara fat, wata mata ta lulluɓe shi da rigarta, an riga an kira motar asibiti. Da ya gan ni ya kama hannuna ya ce in je in gaya wa 'yan aji su buɗe littafi, yana zuwa, makara ya yi. Ƙashin ƙugunsa ya tsage.

Susan ta iso asibiti da la'asar. Na gwammace ta zage ni. Ba ta ɗaga murya ba, ta zaunar da ni a benci ta ce in faɗa mata inda na tafi. Na faɗa. Ta ce, "Doreen ce ta roƙe ka?" Na ce a'a. "Ta kasa tafiya ne?" Na ce a'a, baƙuwa ce, kuma babba ce. Ta daɗe tana kallona, na ga tana ƙoƙarin fahimta abin ya ƙi shiga. Ni ma na rasa Turancin da zan zuba shi a ciki, duk da darasin Baba.

Ta ce ya kamata ta kai ƙarata kamfani, kuma ta san abin da hakan zai jawo mani. Nan take hankalina ya tafi gida. Na ga Hadiza tana ƙulle kaya a zane, na ga motar Yargoje tana lodi. Ta ce abin da ya hana ta shi ne tun da aka kwantar da babanta sunana yake kira, nata ma bai kira ba. Ta share ido. Ta ce za ta bar ni, amma da sharaɗi: muddin ba wani a gidan, ƙafata ba za ta ƙetare dokin ƙofa ba, ko don wa, ko don me. Ta sa aka liƙa wata 'yar na'ura mai ido a saman ƙofar, duk wanda ya fita wayarta za ta nuna mata. Ta ce idan na sake ko sau ɗaya, shi ke nan.

Baba ya dawo gida da ƙarfen dogarawa. Ciwon ya ƙara gaba. Yakan manta ƙugun ya taɓu, ya yunƙura zai miƙe da zarar ya ga ba kowa kusa. Darasi ya ragu, sai jefi-jefi, yawanci mu zauna shiru muna kallon ruwa, kowa yana garinsu. Na koyi tsayawa a ƙofa. Nas ta fita in ce sai an jima in rufe, ta ma fi sakin jiki da ni. Na ce a raina ashe abin ba wuya, Turawa ne, ba su ma san an rage masu komai ba.

Sai Alhaji Isiyaku ya bugo ya ce yana tahowa ya ga inda nake.

Na yi murna. Na nemi ya zo ranar Asabar lokacin da Susan take nan, ya ce Asabar akwai ɗaurin aure, Laraba zai zo. Ban gaya mashi sharaɗin Susan ba. Ta ina zan fara? Dattijo zai sha doguwar tafiya a jirgin ƙasa da waɗannan gwiwoyin saboda ni.

Tasi ta sauke shi da hantsi, da leda cike da saƙon Hajiya: dambun nama, yaji, garin kuka. Ya gaida Baba Harold da wani Turanci mai tsabta da ban san yana da shi ba, Baba ya gyara zama ya ce wa ya koyar da wannan? Tsofaffin biyu suka zauna gaban taga, ɗaya da sanda ɗaya da ƙarfe, suna hira a kan jiragen ƙasa na da. Na yi masu shinkafa. Muka yi azahar ni da Alhaji a ɗakina, ƙofa a buɗe don in riƙa jin motsin Baba. Rabon da in bi wani salla har na manta. Gidan ya cika da ƙamshin turarensa, na riƙa jin kamar idan na leƙa waje zan ga darbejiyar ƙofar gidanmu.

Da la'asar ya ce zai kama hanya. Na ce bari in kira tasi ta ɗauke shi a ƙofa. Ya ce, "Bar tasi. Likita ya ce in riƙa taka ƙahwa. Sa takalminka mu gangara wajen bas, akwai 'yar maganar da nike so mu yi a hanya."

Kowa ya san maganar da dattijo ya ajiye wa hanya ita ce ta kawo shi. Ya fita, ya sauka daga matakala da ƙyar, ya tsaya a bakin 'yar ƙofar shinge yana gyara hula, ya ba ni baya, yana jira in fito. Takalmina suna nan gefen ƙofa. Na dube su. Na ɗaga kai na dubi na'urar Susan. A bayana na ji ƙarar ƙarfe, Baba ya fara laluben shi zai miƙe.

"Alhaji," na ce. "Ka gafarce ni. Nan ce iyakata."

Ya juyo. Na faɗa mashi komai a gurguje, ni a ciki shi a waje: tsohuwar, faɗuwar, sharaɗin. Ya saurara yana kallon ƙafafuna cikin safa a kan dokin ƙofa. Alhaji ya fi ni sanin ƙasar nan, ya gane tun kafin in gama. Amma na ga kunya ta wuce ta fuskarsa, ba tasa ba, tawa ce yake ji a madadina.

"To," ya ce. "Riƙe aikinka, ɗana. Akwai masu jiranka a Kankara."

"Maganar fa, Alhaji?"

"A bar ta. Ba ta bakin ƙofa ba ce."

Ya ɗaga sanda ya kama hanya. Sai na ga ya yi dama, wajen teku, tashar bas kuwa tana hagu. Tasi ce ta kawo shi, bai san garin ba. Ni Haruna, da Alhaji ya ciyar ya kai tasha da ƙafar ciwo, na tsaya a ƙofa na buɗe maƙogwaro na ƙwala mashi kira kamar mai korar awaki daga gona: "Hagu, Alhaji! Hagu, sannan ka gangara!"

Ya tsaya. Ya juyo a hankali, ya sake bi ta gaban gidan. Bai dubi ƙofar ba don kada ya ƙara mani, hannu kawai ya ɗaga. Ina jin ƙwas-ƙwas ɗin sandarsa har bayan ya sha kwana. Wayar Susan ba ta nuna mata komai ba ranar, sai wani dattijo da ya fita shi kaɗai.

Na rufe ƙofa, na koma da sauri na riƙe Baba kafin ya gama miƙewa, na zaunar da shi, na gyara mashi bargo. Ya dubi fuskata ya daɗe, sannan ya ce, "Wa ya mutu?"

Na ce, "Ba kowa, Baba. Baƙo ne ya tafi."